Me Muke Nema a Cikin Duwatsun Urushalima?

Masu bi daga ƙasar nan sun daɗe suna zuwa Urushalima, amma tun da aka kafa hukumar kula da ziyarar ibada ta Kirista a shekarar 2007, tafiyar ta zama abin da kusan kowace ikilisiya ta sani. Da wuya ka sami gundumar da ba ta da Rabaran, ko dattijo, ko uwar zumunta da ta je ta dawo. Waɗansu gwamnatin jiha ce ta biya musu, waɗansu 'ya'yansu ne suka haɗa kuɗi domin su girmama su, waɗansu kuwa tarin shekaru ne suka kwashe. Idan ka duba jerin wuraren da ake kai su a cikin birnin, za ka tarar yawancinsu iri uku ne: tsofaffin majami'u, kaburbura, da kangaye.

A nan ne tambaya take tasowa, wadda ya kamata kowane gida ya yi wa kansa kafin a sayar da hatsi ko a ci bashi. Muna shaida cewa Allah yana ko'ina, muna kuma shaida cewa Yesu Kristi ya tashi daga matattu. To, me mutum yake nema a kabarin da babu kowa a ciki? Addu'ar da aka yi a Dutsen Zaitun ta fi wadda aka yi a Langtang ko Numan ko Zonkwa saurin isa ne? In amsar i ce, bisharar da muke wa'azi tana bukatar gyara ke nan, gama matalauta sun zama 'yan baya a wurin Allah. In kuwa amsar a'a ce, me ya sa zuciyar mai bi take motsawa sa'ad da ya tsaya a wuraren nan, har dattijon da bai taɓa kuka a gaban jama'a ba ya zub da hawaye?

Tsohuwar gardama

Ba mu ne muka fara wannan tambaya ba. Bayan da Sarki Kustantin na Roma ya kawo ƙarshen tsananta wa ikilisiya, mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar wajen shekarar 326, aka soma gina manyan majami'u a wuraren da ake dangantawa da rayuwar Ubangiji. An keɓe Majami'ar Kabari Mai Tsarki a shekarar 335. Ba a jima ba hanyoyi suka cika da maziyarta. Wata mata mai suna Ejeriya ta taso daga yammacin Turai, ta yi kimanin shekara uku a yankin tsakanin 381 da 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata yadda ake karanta Nassin da ya dace da kowane wuri a daidai wurin.

A wannan zamani ne kuma Giregori, bishop na Nissa, ya je Urushalima ya dawo da gargaɗi. Ya rubuta cewa Ubangiji bai lissafa zuwa Urushalima cikin ayyukan da suke kai mutum ga Mulkin Sama ba, cewa ya ga mugunta a birnin kamar yadda ake gani a kowane birni, kuma tafiyar ba ta ƙara bangaskiyarsa ba, ba ta kuwa rage ta ba. Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya zauna a Baitalami daga 386 har ya rasu a 420. Shi ya ce wanda ya ga ƙasar Yahudiya da idonsa ya fi gane Nassi. Shi ne kuma ya rubuta wa wani abokinsa cewa hanyar sama a buɗe take daga Birtaniya kamar yadda take a buɗe daga Urushalima. Mutum ɗaya ya riƙe maganganun biyu, bai ga sun saɓa wa juna ba.

Sa'ad da zamanin gyaran ikilisiya ya zo, muryar gargaɗi ta fi ƙarfi. A 1520 Martin Luta ya yi kira a daina yawan ziyarar ibada, domin ya ga magidanta suna barin iyali cikin rashi su tafi neman lada a nesa. A 1543 Jon Kalbin ya rubuta ɗan littafi a kan kayan tarihi da ake girmamawa, ya yi ba'a cewa in an tara gutsattsarin itacen da ake cewa na gicciyen Yesu ne, za su cika jirgin ruwa. Ikilisiyoyinmu 'ya'yan wannan gyara ne. Saboda haka bai kamata mu rungumi al'adar ziyara ido a rufe ba, kamar iyayenmu cikin bangaskiya ba su taɓa cewa kome a kanta ba.

Abin da Nassi ya koyar

Littafi Mai Tsarki yana da koyarwa biyu a kan wannan batu, kuma dole a riƙe su tare.

Ta fari ita ce, ba a ɗaure Allah a wuri. A ranar da Sulemanu ya keɓe Haikali, shi da bakinsa ya yarda cewa sammai ma ba su ishi Allah ba, balle ginin da ya yi (1 Sarakuna 8). Irmiya ya tsaya a ƙofar wannan Haikali ya tsawata wa masu tsammanin ginin zai kāre su alhali suna zaluntar maraya da gwauruwa (Irmiya 7). Sa'ad da Basamariya ta kawo gardamar wuri, ko dutsensu ko Urushalima, Yesu ya kawar da gardamar gaba ɗaya, ya mai da hankalinta ga sujada cikin ruhu da gaskiya (Yohanna 4). Da almajirai suka yi mamakin girman duwatsun Haikali, ya gaya musu za a rushe su duka (Markus 13), haka kuwa ya faru a shekara ta 70, sa'ad da sojojin Roma suka ƙone birnin. Akwai kuma darasin macijin tagulla. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera shi, amma da mutane suka soma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfasa shi, Nassi kuma ya yaba masa (2 Sarakuna 18). Abin da ya fara a matsayin alamar jinƙai yana iya komawa gunki a hannun jikoki.

Koyarwa ta biyu ita ce, Allah yana so a tuna, kuma yana amfani da wuri domin tunawa. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarce su su ɗauki duwatsu goma sha biyu su kafa, domin wata rana yara su yi tambaya, iyaye su ba da labari (Joshuwa 4). Ibrahim ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela domin ya binne Saratu (Farawa 23). A ranar Fentikos, Bitrus ya kafa hujja da kabarin Dawuda, wanda masu sauraronsa suka sani, domin ya nuna cewa annabcin tashin matattu a kan wani ne dabam (Ayyukan Manzanni 2). Bangaskiyarmu tana da suna da wuri da lokaci. Muna ambaton Bilatus Babunti cikin shaidar bangaskiya domin abin ya faru a zamanin wani gwamna da tarihi ya sani, a wani birni da ake iya zuwa a gani.

In an haɗa biyun, ga abin da ya fito: wuri mai tarihi shaida ne. Aikin mai shaida shi ne ya faɗi abin da ya faru. Ba ya yanke hukunci, ba ya gafarta zunubi, ba ya warkarwa. Wanda ya je ya saurari shaida zai amfana. Wanda ya je yana tsammanin dutsen da kansa yana da iko ya ɗora wa dutsen nauyin da Allah bai ba shi ba.

Kaburbura biyu

Mai ziyara yakan gamu da gwajin farko sa'ad da aka nuna masa kabarin Yesu sau biyu a wurare biyu.

Na farko yana cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki, a tsakiyar tsohon birni, cikin cunkoson kasuwa. Mutanenmu da yawa sukan ji baƙunci a wurin: duhu, hayaƙin turare, fitilu da hotuna, dogon layi, ga masu tsaro suna gaggauta mutane. Duk da haka yawancin masana tarihi sun fi karkata ga wannan wuri. A zamanin Yesu yana bayan ganuwa, tsohon wurin fasa dutse ne da aka sassaƙa kaburbura a jikinsa, sai bayan shekaru kaɗan aka faɗaɗa ganuwa ta haɗiye shi. Wajen shekara ta 135 Sarki Hadiriyan ya sāke gina birnin, ya ɗora haikalin gumaka a kan wurin, sai a zamanin Kustantin aka kawar da shi. An rushe majami'ar a 1009, aka sāke ginawa, gobara ta ci ta a 1808. A 2016 masu gyara suka ɗaga marmarar da ta rufe shimfiɗar dutsen kabarin, abin da ba a yi ba cikin ɗaruruwan shekaru. A 2025 kuma masu tono daga wata jami'a a Roma suka ba da labarin alamun cewa an taɓa noma zaitun da inabi a ƙarƙashin inda majami'ar take, abin da ya tuna wa mutane lambun da Yohanna ya ambata.

Na biyu shi ne Kabarin Lambu, a arewacin Ƙofar Dimashƙu. An gano shi a 1867. Ya yi suna bayan da Janar Godon na Ingila, wanda aka kashe a Khartoum a 1885, ya ziyarci birnin a 1883 ya ga wani tudu kusa da wurin mai kama da ƙoƙon kai. Wurin yana da tsabta da natsuwa, akwai furanni da kujeru, a nan ne ƙungiyoyinmu suka fi son cin Jibin Ubangiji da raira waƙa. Amma binciken da aka buga a 1986 ya nuna cewa an sassaƙa kabarin shekaru ɗari bakwai ko takwas kafin haihuwar Kristi, alhali Bishara ta ce sabon kabari ne wanda ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Masu kula da lambun ma ba sa dagewa cewa lallai nan ne. Tashin Ubangiji suke sa wa a gaba.

Haka abin yake a sauran wurare. Hanyar Gicciye da ake bi da tashoshi 14 an daidaita ta ne a ƙarnukan baya, waɗansu abubuwan da ake tunawa a tashoshin ba sa cikin Bishara, masana da yawa kuma suna ganin Bilatus ya yi shari'ar a fādar Hirudus da ke yammacin birni. Titin da Yesu ya taka yana can ƙasa, a ƙarƙashin tarkacen zamanai. Ganuwar da ake ɗaukar hoto a gabanta Sarkin Turkawa Sulaiman ne ya gina ta wajen 1537 zuwa 1541. Tsofaffin itatuwan zaitun na Getsamani guda takwas ne. Da aka auna uku daga cikinsu, sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna sun yi kimanin shekara 900.

Wannan yana rage darajar ziyara ne? Yana rage ta ga wanda bangaskiyarsa ta rataya a kan taɓa ainihin dutsen. Ga wanda ya je sauraron shaida, abin da ya tabbata ya isa. Dutsen Zaitun yana inda yake. Kwarin Kidron yana nan. An tono tafkin Betasda kusa da Majami'ar Hannatu, an kuma gano matakalan tafkin Siluwam a 2004. Mai bi da ya sauko daga Dutsen Zaitun da ƙafa zai gane da jikinsa cewa a daren da aka bashe shi, Yesu yana da hanyar tsira: 'yar tafiya kaɗan zuwa ƙwanƙolin dutsen, ya gangara ta gabas, ya ɓace cikin jeji. Ya zauna ya jira. Irin wannan ganewa ce Jerom yake nufi, kuma a nan gani ya kori ji.

Akwai wajibi a kan shugabannin da suke raka mutane, da kuma waɗanda suka dawo suna ba da labari. Mu bayin Allah na gaskiya ne, bai kamata mu ƙawata labari da abin da ba mu tabbatar ba. Faɗin "bisa ga al'ada, a nan ne" ba ya rage wa kowa bangaskiya. Yaron da aka gaya wa ƙarya mai daɗi yana ƙarami, ranar da ya gano ta a jami'a zai soma shakkar gaskiyar da aka gaya masa tare da ita.

Tsani da mabuɗi

Shaidar da wuraren nan suke bayarwa ba mai daɗin ji ba ce kullum. Ikilisiyoyi shida ne suke raba Majami'ar Kabari Mai Tsarki: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa, da Suriyawa. Saboda yawan rikici, sarakunan Turkawa suka kafa doka a 1757, suka ƙarfafa ta a 1852, cewa kome ya tsaya yadda yake. Kowane ginshiƙi, kowace fitila, kowace sa'ar sujada tana da mai ita. A ƙarƙashin wata taga a saman ƙofar shiga akwai ɗan tsanin katako da yake jingine tun ƙarni na 18, domin ba mai ikon kawar da shi sai da yardar sauran. 'Yan'uwanmu Habashawa a kan rufin ginin suke zaune cikin ƙananan ɗakuna. A 2008 duniya ta kalli limaman Girkawa da na Armeniyawa suna dambe a gaban kabarin har 'yan sanda suka shiga tsakani. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun iyalai biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, ɗaya yana ajiya, ɗaya yana buɗewa.

Yana da sauƙi maziyarci ya girgiza kai ya wuce. Amma wanda ya san tarihin ikilisiyoyinmu zai yi shiru. Mu ma mun kai juna kotu a kan fili da gini. Mun ga an kulle ƙofar majami'a da kwaɗo biyu saboda zaɓen shugabanni, mun ga ƙabila ta raba mutanen da suke cin Jibi a tebur ɗaya. Tsanin nan madubi ne. Yana nuna cewa mutum yana iya kwana a taku goma daga Golgota shekara hamsin, zuciyarsa ba ta koyi gafara ba. Yesu ya yi magana mai zafi ga waɗanda suke gina kaburburan annabawa suna ƙawata su, alhali halinsu irin na waɗanda suka kashe annabawan ne (Matiyu 23). Girmama wuri ya fi biyayya sauƙi, shi ya sa mutum yakan so ya biya bashin biyayya da girmama wuri.

Gaskiya ta bukaci a ƙara da wannan: ikilisiyoyin nan ne suka riƙe fitila a birnin cikin yaƙi da yunwa da tsanani, tun kafin bishara ta iso ƙasarmu da shekaru fiye da dubu, kuma sun haɗa kai suka gyara kabarin a 2016 da 2017. Wanda ya shiga gidansu ya shiga da ladabin ƙane.

Makarantar makabarta

Mai Wa'azi ya ce zuwa gidan makoki ya fi zuwa gidan biki amfani, domin a can mai rai yake tuna ƙarshensa (Mai Wa'azi 7). Ba birnin da ya kai Urushalima koyar da wannan darasi. Gangaren Dutsen Zaitun makabartar Yahudawa ce tun kimanin shekara 3,000, kaburbura dubun dubbai, farare fat a rana. A ƙetaren kwarin, a gindin ganuwar gabas, makabartar Musulmi ce. A cikin kwarin akwai kaburburan Kirista. Mutanen da ba su yarda da juna ba suna da rai, ga su kwance suna fuskantar juna, kowa yana jiran ranar shari'a. Mutuwa rigar kowa ce.

A Dutsen Sihiyona akwai kaburbura biyu da suka cancanci a tsaya. A makabartar Furotesta an binne Horeshiyo Sifafod, lauya daga Shikago a Amurka. 'Ya'yansa mata huɗu sun nutse a teku a 1873 sa'ad da jirginsu ya yi karo da wani, matarsa kaɗai ta tsira a cikin iyalin da suke jirgin. Daga cikin wannan baƙin ciki ya rubuta waƙar ta'aziyya da ake rairawa a majami'u a ko'ina cikin duniya. Ya ƙaura zuwa Urushalima a 1881, ya rasu a 1888, jama'ar da suka kafa kuma ta zama sananniya wajen ciyar da matalauta da jinyar marasa lafiya ba tare da duban addini ba. A makabartar Katolika kuwa akwai Oska Shindila, ɗan kasuwar Jamus, ɗan jam'iyyar Nazi, mutumin da rayuwarsa ba abin koyi ba ce ta fuskoki da yawa. Amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe dukiyarsa ya ceci Yahudawa kimanin 1,200 daga hallaka. Ya rasu a 1974, maziyarta kuma sukan ɗora ƙananan duwatsu a kan kabarinsa bisa ga al'adar Yahudawa.

Ba ma roƙon matattu, ba ma neman albarka daga ƙasusuwansu. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Allah ya ɓoye kabarin Musa, ba wanda ya san inda yake, wataƙila domin ya san halin ɗan adam. Amma wasiƙar Ibraniyawa ta umarce mu mu tuna da shugabanninmu, mu dubi ƙarshen zamansu, mu yi koyi da bangaskiyarsu (Ibraniyawa 13). Kabari yana yi wa mai rai tambaya: wannan ya yi abin da ya yi da baƙin cikinsa, wancan da dukiyarsa, kai fa? Wanda ya tsaya a wurin domin hoto kawai ya tafi kafin a yi masa tambayar.

Masu rai a cikin birnin

Laifin da maziyarci ya fi saurin faɗawa ciki shi ne ya ga duwatsu ya kasa ganin mutane. Ƙidayar 1922 ta nuna Kirista sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunan Urushalima. Yanzu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Yawancinsu Larabawa ne, suna kiran sunan Allah da kalmar da muke kira, waɗansu kuma abincinsu ya dogara ga zuwan baƙi, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 ya jefa su cikin ƙunci sa'ad da ziyara ta tsaya. Bitrus ya kira masu bi rayayyun duwatsu (1 Bitrus 2). Ƙungiyar da ta yi kwana da kwanaki tana zaga kangaye, ba ta yi sujada ko sau ɗaya da 'yan'uwan da suke zaune a ƙasar ba, ta bar ziyara mafi muhimmanci. Zumunta a ƙafa take.

Birnin kuma ba namu kaɗai ba ne. Tsohon birni bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, amma a cikinsa Bayahude yana addu'a a Bangon Yamma, Musulmi yana salla a Masallacin Ƙudus. Kusa da ɗaya daga cikin ƙofofin masallacin akwai unguwar 'yan Afirka, zuriyar alhazan da suka zo daga Nijeriya, Chadi, Sudan da Senegal, har da Hausawa, suka zauna. An ruwaito cewa sa'ad da Halifa Umar ya karɓi birnin a ƙarni na 7, ya ƙi yin salla a cikin majami'ar domin kada mabiyansa su mai da ita masallaci daga baya. Mu da muka ga an ƙone wuraren sujada a garuruwanmu mun san zafin abin. Mai bi ya rufe jikinsa, ya rage murya, ya bar mai addu'a ya yi addu'arsa. Ladabi ga abin da maƙwabci yake girmamawa ba ya nufin ka bar bangaskiyarka.

Abin da za a kawo gida

Ba laifi ba ne a kawo tsaraba. Kwalbar ruwan Urdun ko ɗan gicciyen itacen zaitun yana iya zama kamar duwatsun Joshuwa, abin da zai sa jika ya yi tambaya. Amma ranar da aka soma shafa wa marar lafiya ruwan a madadin addu'a da asibiti, ko aka soma sayar da man a matsayin mai ikon buɗe hanya, mun koma ga layar da kakanninmu suka ƙone sa'ad da suka tuba. Haka ma haruffan da ake ƙarawa a bayan suna. In suna tuna wa mutum cewa ya ga inda Ubangijinsa ya wanke ƙafafun almajirai, madalla. In kuwa sun zama dalilin neman kujerar gaba, tafiyar ta cuce shi.

Akwai kuma tambayoyin da lamiri zai yi. Kuɗin wa na tafi da shi? An biya kuɗin makarantar yara kafin in tashi? Kujerar da na samu har sau uku, ba ta fi dacewa da mai bishara na ƙauye da ya yi shekara talatin yana hidima ba? Wanda kuwa ya shiga jirgi da sunan ibada da niyyar ɓacewa a can domin neman aiki ya yi ƙarya ga Allah da mutane, ya kuma toshe hanya ga na bayansa.

Ga mafi yawanmu da ba za su taɓa zuwa ba, kada zuciyarku ta karai. Ba ku rasa kome na ceto ba. Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa, ya kuma sa albarka ga waɗanda suka ba da gaskiya ba su gani ba. Matan da suka je kabari da sassafe an tambaye su dalilin neman mai rai a cikin matattu, aka aike su su kai labari (Luka 24). Umarnin ƙarshe da aka ba almajirai a Dutsen Zaitun shi ne su fara daga Urushalima su nufi iyakar duniya, ta haka ne ma bishara ta same mu.

Saboda haka muna da namu wuraren tunawa. Walta Gowans ya rasu a Girku a 1894, Tomas Kent a Bida a wannan shekara, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. An binne Johana Binstira a Vom a 1933. A Garkida an yi sujada ta fari a gindin tsamiya a 1923. Makabartar Ajele a Legas, inda aka fara binne Bishop Ajayi Crowther bayan rasuwarsa a 1891, an tashe ta a 1971 domin a gina ofisoshi. In haka ta sami wurin da aka sa babban bishop, ina ga kabarin mai bishara na farko a ƙauyenku, wanda ya sha jifa da kora? A wurare da yawa ciyawa ta rufe shi, gara ta cinye littafin baftisma, dattawan da suka san labarin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba daidai ba ne mu ƙetare teku mu yi kuka a kabarin baƙo, na ubanmu cikin bangaskiya kuwa awaki suna kiwo a kai.

Bari kowane gida ya sa rana ɗaya cikin shekara. A ɗauki yara da fartanya da Littafi Mai Tsarki, a je tsohuwar majami'a da makabartar ikilisiya, a share, a karanta sunaye, dattijo ya ba da labari, wani matashi ya rubuta. A yi godiya ga Allah, a roƙe shi ya koya mana ƙidaya kwanakinmu. Wanda ya saba da wannan a gida, in Allah ya buɗe masa hanyar Urushalima, zai san yadda ake tsayawa a gaban shaida. In kuwa hanyar ba ta buɗu ba, akwai Urushalima ta sama, wadda ba a shigarta da biza ko kujerar gwamnati, sai da jinin Ɗan Rago.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tunawa, ya tsare mu daga sujada ga abin da hannu ya gina. Amin.